Yadda ake sarrafa giyar O/D idan a-kori-kura na jan remok mai nauyi

Abin da ya fi kashe giyabos ɗin a-kori-kura lokacin jan kaya shi ne zafi, kuma mafi yawan zafin daga giyar ƙarshe ta sama yake tasowa, wadda ake rubuta O/D a jikin maɓallinta. An yi wannan giya ne domin mota marar kaya a kan kwalta mai kyau: inji ya rage juyi, ƙara ta ragu, gazuwal ya yi auki. Da zarar ka ɗaura wa Hilux ko L200 ko Navara ƙaramar tirela, wadda a Garwa da Marwa da Njamena ake ce wa remok, ka loda mata siminti daga Figil ko buhunan albasa, lissafin ya canza. Da remok mai nauyi ana kashe O/D ne tun kafin a tashi, ba a mayar da ita sai inda hanya ta miƙe kuma motar da kanta ta nuna za ta iya riƙe ta.

Abin da ke faruwa a cikin giyabos

A tsohon giyabos na otomatik mai giya huɗu da Toyota ta sa wa Hilux da yawa, wato A340, giya ta uku ɗaya-da-ɗaya ce: inji ya juya sau ɗaya, furofela ma sau ɗaya. Giya ta huɗu kuwa 0.705 ce, furofela ta fi inji saurin juyawa. Idan a gudun kilomita 80 allurar da ke nuna juyin inji a minti na kan 1,800 a giya ta huɗu, ka sauko ta uku za ta koma wajen 2,550. Amma a madadin wannan ƙarin juyi, ƙarfin da ke isa ga taya ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin ɗari. Wannan ƙarfin ne remok ke nema.

Tsakanin inji da giyabos na otomatik babu kuloci irin na ƙafa, akwai kwanbata cike da mai. Kamar fanka biyu ne da suke fuskantar juna, ɗaya na hura ɗaya tana juyawa, sai dai a nan mai ne ke turawa maimakon iska. Muddin ta cikin mai ƙarfin yake bi, akwai santsi, santsin nan kuma zafi yake komawa. Saboda haka aka sa wani ɗan kuloci a cikin kwanbatar, wanda ke kulle ɓangarorin biyu idan gudu ya daidaita. Yana kulle, zafi ya sauka. A O/D da kaya mai nauyi, ƙarfin ba ya isa, kana ɗan ƙara taka totur sai kwamfutar motar ta saki kullen, ko ta sauko giya ta uku, da ka ɗan sassauta ta sake hawa ta huɗu. Kowane hawa da sauka yana goge faifayen kuloci na ciki, yana dafa mai. Man giya ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 80 zuwa 95. Ya haura 120 sai ya fara ƙonewa, robobin ciki su taurare, faifayen su fara santsi. A watan Afrilu, da iskar Njamena ke haura digiri 40, lagireto ba shi da sauran sarari mai yawa da zai kwashe wannan ƙarin zafi.

Fara da sanin nauyin da kake ja

Kada a yi kintace da ido. Buhun siminti kilo 50 ne, buhu talatin tan ɗaya da rabi ke nan. Babban buhun masara ko dawa yakan kai kilo 100. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tankin ruwa na lita 1,000 tan guda ne kafin a lissafa nauyin tankin. Duro na gazuwal mai lita 200 yana kusan kilo 185 har da ƙarfensa. A kan wannan ka ƙara nauyin remok ɗin kanta, wanda a irin waɗanda masu walda ke ƙerawa da ƙarfe mai kauri ba abin rainawa ba ne.

Remok marar birkin kanta iyakarta kilo 750 duka-duka. Mai birki kuwa ya danganta da motar: Hilux ɗin shekarun 2005 zuwa 2015 yawanci wajen tan biyu da rabi ne, wasu sababbi suna kai tan uku da rabi. Ainihin adadin motarka yana cikin littafinta da kuma farantin da ke jikin ƙarfen ja. Kayan da ke bayan motar da mutanen da ke ciki su ma suna cin wani ɓangare na abin da aka yarje mata, ba a cika bodi taf sannan a ja remok har iyaka.

Wajen lodi, kusan kashi 60 na kayan su zauna gaban tayoyin remok, ta yadda kimanin kashi 10 na nauyinta zai danne kan ƙwallon ja. Idan kayan suka rinjaya baya, remok za ta fara kaɗa wutsiya da an kai wani gudu, kuma babu giyar da ke gyara wannan. A gitta sarƙoƙin tsaro biyu a ƙarƙashin wuyan remok, a duba iskar taya da safe kafin ta yi zafi.

Wace remok ce mai nauyi? A aikace, duk wadda ta wuce tan ɗaya, ko ta kai rabin nauyin motar, a ɗauke ta a matsayin mai nauyi. Haka ma remok mai tsayi da ke tare iska, kamar wadda aka yi wa keji na dabbobi ko aka jibga wa katifu da tabarmi: nauyinta kaɗan, amma iska na riƙe ta tamkar an taka birki.

Gano inda O/D take a motarka

Ba duk mota ce ke da maɓalli ba, nan ne mutane da yawa suke ruɗewa.

A mai giya huɗu, maɓallin yana gefen sandar giya. Ka danna, fitilar O/D OFF ta kama a gaban direba, to an kashe ta, motar ba za ta wuce giya ta uku ba. Fitila a kunne na nufin giyar a kashe take. A wasu motocin maɓallin yana zama yadda ka bar shi, a wasu kuma duk sanda ka kashe inji ka tayar sai O/D ta dawo da kanta, don haka bayan tsayawar salla ko shingen jami'an tsaro, kalli fitilar kafin ka ja.

A mai giya biyar, irin A750, giya ta huɗu ce ɗaya-da-ɗaya, ta biyar 0.716. Babu maɓalli, sai dai ka ture sandar daga D zuwa 4. A Hilux mai giya shida da ta fito daga 2015, giya biyu ne na sama, ta biyar 0.687, ta shida 0.580. Ka tura sandar ɓangaren S ka tsayar da ita a S4. Motar za ta ci gaba da canza giya da kanta daga ɗaya zuwa huɗu, ba za ta haura ba. Manyan motocin Amurka kuma suna da maɓallin da aka rubuta TOW/HAUL. Idan motarka na da shi, danna shi kawai, yana jinkirta hawa giya, yana riƙe kullen kwanbata, yana kuma taimakawa a gangara.

Kashe O/D ana cikin tafiya ba ya ɓata komai a gudun jan kaya. Ɗan sassauta totur, danna, allura za ta hau, ka ci gaba.

A kan hanya: bari allurar inji ta yi maka magana

Tashi a hankali. Fizgar mota daga tsaye da tan biyu a baya shi ne lokacin da kwanbata ta fi yin santsi. Ka kai gudun kilomita 70 zuwa 80 ka tsaya nan. Da remok babu abin nema sama da 80, ko da kwaltar Garwa zuwa Figil ta yi maka kyau.

Injin dizal na jan kaya ya fi samun natsuwa tsakanin juyi 2,000 zuwa 2,800 a minti. Injin 1HZ na Land Cruiser, alal misali, ƙarfin jansa ya fi yawa a 2,200. Direbobi da yawa suna jin tsoron ƙarar inji a 2,500, suna ganin wahalar da shi ake yi. Akasin haka ne. A wannan juyin famfon ruwa da famfon mai da fanka duk suna aiki sosai. Wahalar gaske ita ce inji na 1,500, totur a ƙasa, baƙin hayaƙi na fita ta salansa, zafin hayaƙin na gasa fistin da turbo.

Ga gwajin da zai nuna maka ko kwanbata a kulle take. A gudu daidai, ƙara taka totur kaɗan, ido kan allura. Idan allurar inji da ta gudu suka tashi tare a hankali, a kulle take. Idan allurar inji ta yi tsalle da 200 ko 300 alhali gudun bai ƙaru ba, kuma ba ka ji giya ta canza ba, kullen ya saki, mai na dahuwa. Maganinsa saukowa giya ɗaya.

To yaushe ne ya halatta a mayar da O/D? Idan remok ba kaya ko kayan kaɗan ne, hanya shimfiɗaɗɗiya, babu iskar gaba, kuma gudun ya wuce 75. Shimfiɗar ƙasar da ke tsakanin Marwa da Yagwa, ko ta Njamena zuwa Bongor inda kwaltar ke da kyau, irin wuraren ne. Kunna ta ka lura na 'yan mintuna. Ta shiga ta zauna, allura ba ta rawa, ƙafarka ba ta wuce rabin totur ba, to bar ta. Ta sauka ta hau sau biyu cikin kilomita ɗaya ko biyu, kashe ta, kada ka sake gwadawa sai hanya ta canza. Na'urar riƙe gudu da kanta ma a kashe, domin ita ba ta ganin tudu na zuwa, sai ta shiga cikinsa take danna totur har ƙasa.

Batun mai kuwa, wanda shi ne hujjar masu ƙin kashe O/D: da kaya mai nauyi bambancin ba shi da yawa, wani lokacin ma giyar ƙasa ta fi auki, saboda a O/D totur a danne yake kuma wani ɓangare na ƙarfin a cikin man giya yake ƙonewa. Kuɗin lita kaɗan ba ya sayen giyabos, kada garin neman gira a rasa ido.

A lura da masu sa manyan tayoyi fiye da na kamfani. Babbar taya tana ƙara wa kowace giya tsawo, ta rage ƙarfin ja. Motar da aka yi wa haka ba ta da abin yi da O/D idan tana ja.

Hawa da gangara

Ngaundere tana kan tudu wajen mita 1,100, Garwa kuwa ƙasa take wajen mita 200, kuma babban ɓangare na wannan bambanci a falez, wato gangarar dutsen da ke kan hanyar, ake sauke shi, a kwanoni masu kaifi. Wannan wuri ne ke nuna direban da ya san giyarsa.

Idan hawa za ka yi, sauko da giya kafin tudun ya fara, tun motar na da gudunta. Kashe na'urar sanyaya cikin mota. Zaɓi giyar da za ta riƙe allura wajen 2,500 ba tare da ka danne totur har ƙasa ba, ko da ta biyu ce, ko da gudun ya koma 35. Ka kulle ta a wannan giya da sanda, kada ka bar ta a D tana neman hawa duk sanda tudu ya ɗan lafa. Idan babbar mota ta tare ka a tsakiyar hawa har ka tsaya, riƙe da birki. Riƙe mota a tudu da totur yana dafa man giya cikin ɗan lokaci. Ka kai sama, kada ka kashe inji nan take, bar shi ya yi silo minti biyu ko uku, turbo ya huce.

Gangara ta fi hawa haɗari. A O/D inji ba ya riƙe mota sai ɗan kaɗan, kusan duk nauyin kan birki yake komawa. Birkin da aka ɗora wa ƙafa kilomita bayan kilomita yana yin zafi har ya daina kamawa, man birki kuma ya tafasa, feda ta tafi ƙasa ba komai. Sabon man birki na DOT 3 yana tafasa ne a digiri 205, amma wanda ya tsufa ya sha danshi yana iya tafasa a 140, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka, kuma a saman gangarar ake sa ta, ba a tsakiya ba. Idan gudu ya riga ya yi yawa, kwamfutar sababbin motoci ba za ta yarda ta sauko ba, sai ta yi maka ƙara kawai. Taka birki da ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi, sauke gudun daga 50 zuwa 35, ɗaga ƙafa gaba ɗaya birkin ya sha iska, sannan ka maimaita. Injin dizal bai kai na fetur riƙe mota ba, don haka mai dizal ya sauko giya ɗaya fiye da yadda yake zato. Sakin mota a firi domin tsimin mai kuwa, da remok a baya, ganganci ne da rai.

Idan remok ta fara kaɗawa, kada ka danna birki da ƙarfi, kada ka bi ta da sitiyari. Riƙe sitiyari a miƙe, ɗaga ƙafa daga totur, bari gudu ya sauka da kansa, ka tsaya ka gyara lodin.

Masu giyar hannu

Yawancin a-kori-kurar da ke yankinmu na giyar hannu ne, kuma su ma suna da O/D ko da ba a rubuta ba: giya ta biyar ce, ko ta biyar da ta shida. A giyabos R151 na Toyota ta huɗu ɗaya-da-ɗaya ce, ta biyar 0.838. A ta huɗu ƙarfi miƙe yake wucewa daga gaba zuwa baya. A ta biyar sai ya karkata ta sandar ƙasa, ya bi ta ƙananan haƙora a can ƙarshen giyabos. Jan kaya mai nauyi a ta biyar shi ke cinye waɗannan haƙora da boris ɗinsu. Alamar farko kuka ne siriri da ake ji a ta biyar kaɗai, daga baya giyar ta fara fita da kanta in an ɗaga ƙafa. Da kaya, ta huɗu ce giyarka ta tafiya. Kada ka riƙa wasa da rabin kuloci wajen tashi, idan motar mai ja da taya huɗu ce kuma wurin tashin tudu ne ko yashi, sa L4, giyar ƙarfi ta taya huɗu, ka fita, sannan ka mayar H2, ta taya biyu, da ka hau kwalta.

Hanya marar kyau

Tsakanin Mora da Dabanga zuwa Kusiri, ko hanyoyin ƙauye da damina, gudun ba ya kai inda kwanbata za ta kulle. Tafiya a gudun kilomita 20 zuwa 30 a D cikin yashi ko laka tana dafa mai fiye da gudun kwalta. A nan a riƙe motar a 2 ko L, in yashin ya yi zurfi a sa L4. Idan ta kafe, kada a yi ta jefa giya gaba da baya ana taka totur. A kwance remok, a fitar da motar, sannan a jawo remok da igiya ko a rage mata kaya.

Idan fitilar zafi ta kama

A Toyota fitilar A/T OIL TEMP ce. Ta kama, nemi wuri ka tsaya, sa P, bar inji yana silo. Kada ka kashe, domin injin ne ke zagaya man ta cikin lagireto. Sai fitilar ta mutu za ka tashi, kuma a giyar ƙasa da wadda kake ciki. Idan kuwa fitilar O/D OFF ce take ƙyaftawa da kanta, kwamfuta ta ga matsala a giyabos, a kai wa mai na'urar dubawa kafin a sake jan kaya.

Man giya yana hucewa ne a cikin tankin lagireto, don haka duk abin da ya hana lagireto aiki ya taɓa giyabos. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayin ciyawa suna toshe ramukansa, a riƙa hure su da iska daga ɓangaren inji zuwa waje. Wanda jan kaya sana'arsa ce, ya sa ƙarin ɗan lagireto na man giya a gaba, a haɗa shi bayan na asali, wato mai ya fito daga lagireton mota, ya shiga sabon, sannan ya koma giyabos. Ƙaramar na'urar OBD, mai karanta kwamfutar mota, da ake haɗawa da waya tana nuna zafin man giya a motoci da yawa, kuma ta fi fitila amfani tunda fitila sai abu ya yi nisa take kamawa.

Duba mai a mai sandar awo: mota a fili daidai, inji da zafinsa yana silo, a zaga sandar giya duka wurare a dawo P, a zaro a goge a sake tsomawa. Lafiyayyen mai ja ne garau. Ya yi ruwan ƙasa mai duhu yana warin ƙuna, ya dahu, a canza. Ya yi kamar an zuba masa madara, ruwan lagireto ya shiga ciki, kada a ƙara tuƙa motar. Irin man kuma ba a musanya shi: wasu Dexron suke sha, wasu T-IV, sababbin Toyota marasa sandar awo WS, kuma ana rubuta shi a kan sandar ko a littafin mota. Motar da ke jan remok a zafinmu a riƙa canza mata man giya wajen kowane kilomita 40,000, ko da an ce maka irin wanda ba a canzawa ne. A marasa sandar awo, ta wani ƙusa na ƙasan tiren giyabos ake daidaita yawan man, kuma sai man yana kan wani zafi na musamman awon ke fita daidai, don haka a kai wa bakaniken da ke da na'urar auna zafin.